Ko Allah Yana Ji? Darasi A Kan Addu'a Da Amsarta

Darasinmu na wannan karo a kan addu'a ne. Ba za mu tsaya a kan yadda a ke yinta ba, ko lokatan da suka dace da ita, gama an sha koya mana waɗannan. Abin da mu ke so mu bincika shi ne, ina dalilin da ya sa mai bin Almasihu ya ke sakankancewa Allah yana jinsa, zai kuwa amsa masa? Tambayar tana da sauƙi muddin muna zaune a nan, ga abinci a kan kari, ga abokai, ga ƙararrawa tana kiranmu sujada safe da yamma. Ran da muka fita aiki ne za mu san nauyinta.

A ce an gama da mu, an tura ɗayanmu koyarwa a Zango, garin nan da ke gabas da birnin Daura, dab da iyakar ƙasar Nijar. Ƙasar jigawa ce, ta gero da dawa da wake da gyaɗa, daminarta gajeriya, ranin kuwa dogo. Galibin mutanen wurin Musulmi ne, masu bin Almasihu kaɗan ne ƙwarai. A ce kuma cikin ɗan taron nan na masu bi akwai wani yaro ɗan makarantarmu, ƙanensa ya kamu da sanƙarau da bazara. Aka taru aka yi ta addu'a dare da rana, amma ran kwana na biyar yaron ya cika. Bayan an share makoki sai wan ya tare mu a bakin aji, ya ce, "Malam, ashe Allah bai ji mu ba?"

To, me za mu ce masa? In muka ce, "Haka Allah ya so," muka wuce, sai ya ɗauka addu'a aikin banza ce, tun da ya ke abin da zai faru zai faru. In kuwa muka ce, "Bangaskiyarku ce ta gaza," mun ɗora wa mai makoki kayan da Allah bai ɗora masa ba. Saboda haka ya kamata mu shirya amsa tun muna nan, gama ba a fafe gora ranar tafiya.

1. YADDA A KE KAI KUKA FADA

Mutumin Zango ya san abin da a ke nufi da kai kuka. In talaka yana da damuwa, a ce an ci masa iyakar gona, ba ya tashi kai tsaye ya faɗa zauren Sarki. Sai ya fara da mai unguwa, mai unguwa ya kai shi ga dagaci, dagaci ya kai shi ga hakimi, in abin ya gagara sa'an nan a nufi Daura. A fadojin ƙasar Hausa kuma tun dā akwai wanda a ke kira ƙofa, watau bafaden da maganar wani hakimi ko ta wani baƙo ta ke bi ta hannunsa kafin ta kai kunnen Sarki. Wannan tsari yana da dalili, gama mutum ɗaya ba shi da kunnen da zai saurari ƙasa duka. Duk da haka talaka ya kan tafi da tsoro uku a zuciyarsa. Na fari, kada maganarsa ta maƙale a hanya. Na biyu, kada ta isa ta tarar da Sarki yana fama da abin da ya fi nasa girma. Na uku, kada a dubi rigarsa a ce bai isa ba.

Da yawanmu da tsoron nan uku mu ke zuwa gaban Allah, ko da ba mu faɗa da baki ba. Littafi Mai Tsarki kuwa yana warware su ɗaya ɗaya.

2. BAIWAR DA AKA JI KUKANTA

Mu buɗe Littafin Farawa, sura 16 da sura 21. Hajaratu baiwa ce, Bamasariya, a gidan Ibrahim. Da zama ya yi tsami tsakaninta da uwargijiyarta Saratu, sai ta gudu da juna biyu ta shiga jeji. Mala'ikan Ubangiji ya same ta a bakin wani marmaro, ya gaya mata sunan da za ta raɗa wa ɗan da ke cikinta, watau Isma'ilu. Ma'anar sunan da harshen Ibrananci ita ce, Allah yana ji. Bayan waɗansu shekaru aka sallame ta da yaron, guzurinta abinci kaɗan da salkar ruwa. Ruwan ya ƙare musu a jejin Biyer-sheba. Ta kwantar da yaron a inuwar wani ɗan itace, ta ja da baya ta zauna, don kada ya mutu a kan idonta. Nan ne Allah ya ji kukan yaron, ya buɗe mata ido, sai ga rijiya.

Mu lura da abu biyu. Na ɗaya, ba a rubuta mana ko kalma guda ta addu'ar yaron ba. Ƙishi ne ya sa shi nishi, nishin nan kuwa ya kai inda za shi, ba mai unguwa, ba dagaci. Na biyu, wadda aka jiƙanta ba ta da dangi a wurin, ba ta da gado, ba ta da wanda zai tsaya mata. In da riga a ke dubawa, da ba ta samu shiga ba. Mutanen ƙasar Daura kuwa ba sai an gaya musu darajar rijiya ba. Labarin da suka fi riƙewa na kafuwar sarautarsu a bakin rijiya ya faru, watau Kusugu, inda aka ce macijiya ta hana mutane ɗiban ruwa sai ran Jumma'a, har Bayajida ya zo ya kashe ta. Rijiyar tana nan cikin birni har yau. Wanda ya tashi da wannan labari zai gane abin da Hajaratu ta ji sa'ad da ta hangi ruwa.

Tsoro na biyu kuma, watau kada Allah ya zama yana da abin da ya fi namu girma, Yesu ne ya kawar da shi da ya koya wa almajiransa su kira Allah Uba. Cikin Luka sura 11 ya kawo misalin uban da ɗansa ya roƙe shi kifi, ko ƙwai. Wane uba ne zai miƙa masa maciji ko kunama? In mu da mu ke da mugunta mun san wannan, balle Allah. Sarki yana da ranar zaman fada da ranar hutu, amma yaro ya kan ta da ubansa da tsakar dare a kan ƙishirwa, uban kuwa ba ya cewa a dawo gobe.

Saura maganar riga. Gaskiya ne ba mu isa ba, gama mu masu zunubi ne, Allah kuwa mai tsarki ne. Amma cikin Yohanna sura 10 Yesu ya kira kansa ƙofa, Wasiƙa zuwa ga Ibraniyawa kuma ta nuna shi babban firist ne wanda ya ɗanɗana wahalarmu, yana nan da rai yana roƙo dominmu. Bahaushe ya fi kowa gane wannan. Wanda ke da ƙofa a fada, da girman ƙofarsa ya ke shiga, ba da nasa ba. Abin da mu ke nufi ke nan in mun rufe addu'a da sunan Yesu. Wannan ƙofa ba a kai mata gaisuwa, ba ta mantuwa, ba ta kuma fifita mai doki a kan mai jaki. A nan ne gaba gaɗin Kirista ya tsaya, watau a kan halin wanda a ke roƙo, da amincin wanda ya shigar da mu.

3. JI DABAM, BAYARWA DABAM

Ga inda mutane da yawa su ke tuntuɓe. Sun ɗauka in an ji ka, lalle ne a ba ka abin da ka ambata, a kuma ranar da ka ambata. Ko a fada ba haka ba ne. Sarki adali ya kan saurari mai ƙara har ya dasa aya, sa'an nan ya yanke abin da ya ga shi ne daidai. Wani ya fita da murna, wani a ce ya komo bayan kaka, wani kuwa a hana shi abin da ya nema. Dukansu an ji su.

Mu duba Ayyukan Manzanni sura 12. Sarki Hirudus ya kama Yaƙub ɗan'uwan Yohanna, ya sa aka sare shi da takobi. Sa'an nan ya kama Bitrus, ya ɗaure shi da sarƙa biyu, ya sa soja 16 su riƙa tsaronsa bi da bi. Masu bi suka taru a gidan Maryamu uwar Markus suka duƙufa ga addu'a. Da dare mala'ika ya fitar da Bitrus, ya zo yana buga ƙofar gidan. Wata yarinya mai suna Roda ta shaida muryarsa, don murna ta mance ba ta buɗe ba, ta sheƙa ciki da labari. Mutanen da ke tsakiyar roƙo a sake shi suka ce mata ta haukace!

Wannan ya koya mana ba da mudun bangaskiyarmu a ke auna mana amsa ba. Ga mutane amsarsu tana tsaye a bakin zaure, sun ƙi yarda, aka kuwa ba su. Amma kada mu manta da Yaƙub. Sura ɗaya ce, sarki ɗaya, ikilisiya ɗaya. Yana da wuya a ce waɗanda suka kwana roƙo domin Bitrus sun yi shiru a kan Yaƙub. An saki wannan, an sare wancan, Littafin bai ba da dalili ba. Mu ma kada mu ƙaga masa dalili.

Bulus ya roƙi Ubangiji sau uku ya ɗauke masa wata wahala da ya kwatanta da ƙaya a jikinsa, kamar yadda ya faɗa cikin 2 Korantiyawa sura 12. Ba a cire ƙayar ba, sai aka ba shi alherin da zai jure ta. Wanda ya fi duka shi ne Yesu kansa a gonar Getsamani. Ya roƙi Uba, in da hali, a ɗauke masa ƙoƙon azaba, ya kuwa miƙa kansa ga nufin Uban. Washegari aka gicciye shi. Duk da haka Ibraniyawa sura 5 ta shaida an ji roƙonsa, amsar kuwa ta bayyana ran kwana na uku, da aka tashe shi daga matattu. In Ɗan da kansa bai sami abin da ya fara ambata ba, alhali kuwa an ji shi, to, hani ba shaida ba ce cewa an toshe kunne.

Ashe amsa iri uku ce. Akwai bayarwa, akwai jinkiri, akwai kuma musanya, watau a hana ka abin da ka roƙa a ba ka wani, ko da ba ka gane shi nan da nan ba.

4. KABURBURA A ƘASARMU

Kada mu ce waɗannan labaran dā ne na wata ƙasa mai nisa. Ga wanda ya faru a tamu. A birnin Toronto ta ƙasar Kanada an yi wata tsohuwa mai yawan addu'a, sunanta Margaret Gowans. Ɗanta Walter ya ƙudura zai kai bishara ƙasar da Turawan zamanin su ke kira Sudan, watau ƙasashen baƙar fata da ke kudu da Sahara, har da ƙasar Hausa. Ran 4 ga Disamba, 1893, shi da abokansa biyu, Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka Ikko. Ba wata babbar ƙungiya da ta tsaya musu, dogararsu addu'a ce. Bingham ya kwanta ciwo, tilas ya tsaya baya. Gowans ya kutsa har Girku, a ƙasar Zazzau, nan ya mutu cikin 1894. Kent kuma ya mutu a Bida cikin shekarar nan. Bingham ya koma gida shi kaɗai cikin 1895, ba tasha ko ɗaya, ba almajiri ko ɗaya.

Margaret uwa ce, ba sai an gaya mana abin da uwa ta ke roƙa wa ɗanta da ya yi tafiya ba. Abin da ya komo mata shi ne labarin mutuwarsa. Bingham ya ba da labari cewa da ya je mata ta'aziyya, ta nuna masa ta gwammace ɗanta ya mutu can cikin biyayya ga Ubangijinsa, da ya zauna gida lafiya yana ƙin kira. Ba ta kuwa daina roƙo domin ƙasar nan ba.

Cikin 1900 Bingham ya sake zuwa, zazzaɓi ya sake kā da shi, aka mai da shi gida. Sai cikin 1902 ne aka kafa tasha ta fari a Patigi, ƙasar Nupe, shekara tara bayan saukarsu. Daga nan aikin, wanda aka sani da SIM, ya yi ta yaɗuwa. Ya kai Damagaram, arewa da Zango, cikin 1924. Cikin 1937 aka danƙa masa jiyyar kutare a Babbar Ruga kusa da Katsina, da Yadakunya kusa da Kano, da Amanawa kusa da Sakkwato. An buɗe asibitin ido na Kano cikin 1943, da na Galmi a Nijar cikin 1950, ikilisiyar ECWA kuma ta tsaya da ƙafarta cikin 1954. Bingham ya rasu cikin 1942, ya ga waɗansu, bai ga waɗansu ba. Gowans da Kent ba su ga ko ɗaya ba.

Kada kuma a ce Turawa ne kaɗai suka sha wannan. Cikin 1913 waɗansu Hausawa daga jama'ar da a ke kira Isawa suka zo wurin Likita Mila na CMS a birnin Zariya, suna neman ƙarin sani a kan Annabi Isa. Waɗanda suka ba da gaskiya daga cikinsu suka kafa ƙauye a Gimi, suka yi gonaki da makaranta da ɗakin sujada. Ba a daɗe ba ciwon barci, wanda ƙudan tsando ke kawowa, ya faɗa musu, ya kashe da yawa, ƙauyen ya watse. Su ma sun yi roƙo, sun kuwa binne 'ya'yansu. Amma waɗanda suka ragu suna cikin tushen jama'ar Wusasa, inda mishan ta koma cikin 1929. Littafi Mai Tsarki da Hausa, wanda Likita Mila ya sha aiki a kan fassararsa, ya fito cikin 1932. Daga zuriyar Isawan nan ne aka sami Ishaya Audu, likitan yara, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975.

Ba mu kawo wannan lissafi don mu ce asibiti ya biya diyyar Walter Gowans ba, ko jami'a ta share hawayen matan Gimi. Ɗa ba shi da musaya a wurin uwarsa. Mun kawo shi ne don mu ga wanda ya tsaya a Girku cikin 1894, ko a Gimi ran da a ke haƙa kaburbura, ya ce Allah bai ji ba, ya yanke hukunci tun shari'a ba ta ƙare ba.

5. JIRA

Zango kanta ta san jira. Da jihadi ya ci Daura wajen shekara ta 1805, Sarkin Gwari Abdu ya fita daga birni, zuriyarsa suka zauna a Zango da Baure. Sai a farkon zamanin Turawa ne aka komo da Malam Musa daga Zango ya hau gadon Daura, bayan kusan shekara 100. Waɗanda suka fita ba su ne suka koma ba, jikoki ne. Wannan al'amarin sarautar duniya ne, ba mu ce misalin addu'ar Kirista ba ne. Amma ya isa ya tuna mana akwai al'amarin da ya fi ran mutum ɗaya tsawo.

Manoman ƙasar kuma suna da wata dabara da a ke kira binne. Tun ruwa bai sauka ba manomi ya kan bi gonarsa ya zuba irin gero cikin busasshen rairayi, ya rufe, ya koma gida. Mai wucewa ba zai ga kome ba sai ƙura. Manomin bai san ranar da hadari zai taso daga gabas ba, ba shi kuwa da ikon kiransa. Abin da ya sani shi ne iri yana ƙasa. Haka addu'ar da ba a amsa ba tukuna ta ke. Sai dai akwai bambanci ɗaya. Binne ya kan lalace in an yi yayyafi aka ɗauke, ko tsuntsaye su tone shi, amma roƙon da aka danƙa wa Allah ba ya ruɓewa.

Don haka ne Yesu ya ba da misalin gwauruwar nan cikin Luka sura 18, wadda ta dami azzalumin alƙali da zarya har ya bi mata hakkinta. In naci ya ci azzalumi, yaya Uba mai jinƙai? Annabi Iliya ma, bayan fari na shekara uku da rabi, sau bakwai ya aiki baransa ya dubo wajen teku kafin a hangi ɗan girgije. Da ya tashi a na shida, da ya tafi da labarin cewa sama ba ta amsa ba.

6. KURAKURAI HUƊU

Na ɗaya, mai da addu'a laya. Wani yana tsammani in ya maimaita waɗansu kalmomi sau kaza, ko ya ɗaga murya har maƙwabta su kasa barci, ya ɗaure Allah ke nan. Yesu ya hana wannan cikin Matiyu sura 6, gama Uba ya riga ya san bukatarmu. Nishin Isma'ilu ya isa.

Na biyu, mai da ita ciniki. Duk wanda ya ce mu kawo kuɗi kaza ya karɓo mana amsa daga wurin Allah, ya naɗa kansa ƙofa ke nan a inda an riga an ba mu Ƙofa kyauta. Mu yi nesa da shi, mu kuma gargaɗi iyayen yaranmu.

Na uku, mai da ita inuwar ragwaye. Wanda ya roƙi hatsi ya bar fartanya a rataye, kansa ya cuta. Nehemiya ya yi addu'a, ya kuma sa masu tsaro a kan garu. Bingham da kansa, bayan abin da ya gani, ya rubuta littafi cikin 1921 yana jan kunnen masu cewa mai bi na gaske ba ya bukatar magani. Sa'ad da su Gowans suka zo ba a tabbatar da abin da ke yaɗa zazzaɓin nan ba tukuna, sai cikin 1897 Likita Ronald Ross ya gano sauro ne. Sanin nan ma baiwar Allah ce. Gidan sauro, da allurar rigakafin sanƙarau, da gaggauta kai yaro asibiti, ba su rage wa addu'a kome ba, sau da yawa ma ta hanyarsu amsa ta ke zuwa.

Na huɗu, zargin wanda masifa ta sama. Gaskiya ne Littafi ya ce riƙo a zuci da roƙon son kai su kan tare addu'a. Amma wannan madubi ne aka ba kowa ya dubi fuskarsa, ba sanda ba ce ta dukan maƙwabci. Abokan Ayuba sun dage lalle wani laifi ya yi, a ƙarshe su Allah ya tsauta wa.

7. ZAMA DA MAƘWABTA

In ruwa ya yi jinkiri a Zango za mu ga maƙwabtanmu Musulmi sun fita bayan gari roƙon ruwa, manya da yara. Ba wasa ya fitar da su ba. Ƙasar nan ta ga yunwar 1913 zuwa 1914, wadda a ke kira Kakalaba, ta kuma ga farin 1973. Mu girmama su, mu ma mu shiga ɗakinmu mu roƙa, gama gari ɗaya mu ke, rijiya ɗaya mu ke sha. In ruwa ya sauka kada wani ya buɗe baki ya ce roƙonmu ne ya kawo shi. Yesu ya koya mana Allah yana sauko da ruwa a gonar kowa ba tare da zaɓe ba. An kuma umurce mu mu yi addu'a domin sarakuna da masu mulki, da lafiyar garin da mu ke baƙunta. Saboda haka Sarkin Daura, da hakimi, da dagaci, da iyayen yaran da aka ba mu amana, duk su shiga roƙonmu na kullum.

8. AMSARMU GA YARON

Yanzu mu koma bakin aji, inda muka bar yaron nan yana jira. Kada mu yi garajen magana. Mu zaunar da shi, mu bar shi ya yi kukansa, gama Yesu ma ya yi hawaye a kabarin Li'azaru, alhali ya san abin da zai yi. In ya natsu sai mu gaya masa abu uku, da kalmomin da yaro zai ɗauka.

Mu ce masa, "An ji ku. Wanda ya ji yaro yana nishi a ƙarƙashin itace cikin jeji, bai kasa jin gidanku ba." Mu ce masa kuma, "Dalilin da ya sa ba a bar maka ƙanenka ba, mu ba mu sani ba, wanda duk ya ce maka ya sani kuwa ya wuce gona da iri. Ba laifinka ba ne, ba kuwa ƙarancin roƙonku ba ne." Sa'an nan mu ce masa, "Maganar ba ta ƙare ba. Wanda ya roƙa a Getsamani aka gicciye shi, shi ne aka tayar, ya kuwa yi alkawarin tashin waɗanda ke nasa."

Bayan wannan sai mu raka shi gida, mu gai da iyayensa, mu tambaya ko an yi wa sauran yaran gidan rigakafi. Da dare kuma mu durƙusa mu ambaci sunansa a gaban Uba, mu ci gaba da haka har ran da muka ga ya komo wasa da 'yan'uwansa.

Ga tambayoyi domin taronmu na mako mai zuwa, kowa ya zo da amsarsa a rubuce:

1. Waɗanne ne tsoro uku na mai kai kuka fada, da me kuma Littafi Mai Tsarki ya warware ko wane ɗaya?
2. Me labarin Roda ya koya mana game da ƙarfin bangaskiyar masu roƙo?
3. Ina bambanci tsakanin a ji mutum da a ba shi abin da ya ambata? A kawo misali ɗaya daga Littafi, ɗaya daga ƙasarmu.
4. In uban yaro ya ce ba zai kai ɗansa asibiti ba don ya riga ya yi addu'a, da me za mu rarrashe shi?

Allah ya ba mu kunnen jin kukan yaran da za a ba mu amana, kamar yadda shi ya ke jin namu. Amin.